Yana Ci, Yana Ramewa: Cutar Parkinson da Ƙwayoyin da ke Cikin Hanji

A gidan da ake jinyar mai cutar Parkinson, idon kowa yana kan hannun da ke karkarwa. Shi ake nuna wa likita, shi 'yan dubiya ke tambaya, da shi kuma iyali ke auna ko yau da sauƙi ko jikin ya matsa. Rama kuwa a hankali take shigowa, ba ta sallama. Wando ya fara zamewa a ƙara jan mazagi, zobe ya riƙa juyawa a yatsa, kumatu su faɗa. In wani ya lura ya yi magana, sai a ce ai tsufa ne, ko kuma a ɗora wa mai jinya laifi cewa ba ta kula da cikinsa. Alhali sau da yawa bawan Allah yana cin abincinsa, wani ma ya fi cin da yake yi lokacin da yake da lafiya.

Ramar nan wani ɓangare ce ta cutar, kuma tana da nata hatsarin. Bincike daban-daban sun nuna cewa kusan rabin masu Parkinson suna rasa nauyi ba da niyya ba. A shekarar 2003 masana a Jami'ar Habad ta Amurka suka bi bayanan dubban ma'aikatan lafiya da aka daɗe ana rubuta nauyinsu da abin da suke ci, suka ware mutum 468 da cutar ta kama daga baya. Sai suka ga nauyin ya fara sauka tun shekaru kafin likita ya gano cutar, ya kuma ci gaba da sauka bayan haka, duk da cewa yawan abincin da mutanen ke ci ƙaruwa ya yi. A 2017 kuma likitoci a Abadin ta ƙasar Sikotland suka ba da rahoton cewa waɗanda suka rame da wuri, a shekarar farko bayan gano cutar, sun fi saurin kaiwa ga ruɗewar tunani, da kasa yi wa kansu hidima, da mutuwa. Ramamme ya fi saurin karaya in ya faɗi, ya fi saurin samun gyambon kwanciya, kuma ciwon huhu ya fi saurin kayar da shi.

To ina abincin yake tafiya? Amsar da aka daɗe da ita tana da ƙarfi, amma ba ta cika ba, shi ya sa a 'yan shekarun nan masana suka karkata ga hanji da halittun da ke zaune cikinsa.

Abin da aka riga aka sani

Cutar ta samo sunanta daga likitan Landan James Parkinson, wanda ya bayyana ta a 1817. Asalinta mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin, wanda shi ke sa motsin jiki ya tafi salin-alin. In ya yi ƙaranci sai karkarwa, da sandarewar gaɓoɓi, da nawar motsi, da jan ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Da yawa daga cikinmu ta hanyar ɗan dambe Muhammad Ali muka fara sanin ta, wanda aka gano yana da ita a 1984.

Ramar tana shigowa ta ƙofa biyu. Ta farko, jiki yana ƙona fiye da ƙima. Tsokar da ta sandare aiki take yi ko mutum yana zaune, haka ma hannun da ke rawa daga safe har dare. Akwai kuma wani murɗe-murɗen jiki da ke zuwa bayan an shekara da shekaru ana shan magani, inda kafaɗa da wuya da ƙafafu ke ta motsi ba da son mai su ba. Wannan yana cin ƙarfi kamar mutum yana aikin gona. Hujjar da ta fi gamsar da ni a nan ita ce abin da ke faruwa ga waɗanda aka yi wa tiyatar dasa waya a cikin ƙwaƙwalwa don kwantar da waɗannan motse-motse: akasarinsu ƙiba suke yi cikin watanni, wasu har ta yi yawa.

Ƙofa ta biyu, abin da ke shiga yana raguwa ta hanyoyin da ba a lura da su. Mafi yawan masu cutar hancinsu ya daina jin ƙamshi, wani tun shekaru kafin karkarwa ta bayyana, kuma wanda ba ya jin ƙamshin miya ba ya marmarinta. Haɗiya tana wuya, ana yawan ƙwarewa. Tumbi yana jinkirin sauke abinci zuwa hanji, sai loma kaɗan ta cika ciki. Ga tashin zuciya daga magani, ga damuwa da ƙuncin rai da ke tafiya da cutar, ga kunyar cin abinci a gaban mutane saboda hannu yana zubar da miya. Dattijon da ya saba cin tuwo a zaure tare da baƙi, in ya koma ci a ɗaki shi kaɗai, da wuya ya ci rabin abin da ya saba.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai bai bayyana mutumin da karkarwarsa ba ta yi tsanani ba, yana cinye kwanonsa, amma sikeli na ta sauka. Bai kuma bayyana dalilin da ramar ke farawa kafin alamun motsi su fito ba.

Cutar da ke da saiwa a ciki

Masu jinya sun san abin da littattafai suka daɗe ba su ba muhimmanci ba: mai Parkinson yana fama da taurin bayan gida. Wani sai ya yi kwanaki bai zaga ba. Shi kansa James Parkinson ya ambaci haka. A 2001 aka fitar da sakamakon wani dogon bincike a Honolulu, inda aka bi maza 6,790 tsawon shekara 24; waɗanda ba sa zagawa kullum sun fi masu zagawa sau ɗaya a rana shiga hatsarin kamuwa da cutar da kusan ninki uku. Ke nan hanji yana fara lalaci tun ƙwaƙwalwa ba ta nuna komai ba.

Shekara biyu bayan haka, a 2003, masanin ƙwaƙwalwa na Jamus Heiko Braak ya zo da ra'ayin da ya girgiza fagen. A cikin ƙwaƙwalwar masu cutar ana samun dunƙulen wani furotin mai suna alfa-sinukilin wanda ya naɗe ba daidai ba. Braak ya lura cewa dunƙulen suna fara bayyana ne a can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda jijiyar bagus ke shiga, wato doguwar jijiyar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da tumbi da hanji, kuma ana samun su a jijiyoyin bangon hanjin ma. Sai ya ce mai yiwuwa daga ciki ɓarnar ke tashi ta hau sama. A 2015 masana a Denmak suka duba bayanan mutanen da aka taɓa yanke wa wannan jijiya gaba ɗaya, wata tsohuwar hanyar maganin gyambon ciki, suka ga cutar ba ta kama su da yawa kamar sauran jama'a ba. A 2019 kuma a Jami'ar Johns Hopkins aka yi wa ɓeraye allurar gurɓataccen furotin ɗin a bangon hanji, ya bi jijiyar har ƙwaƙwalwa. Ɓerayen da aka yanke wa jijiyar kuwa bai kai ba. Yau masana da dama na ganin akwai waɗanda cutarsu daga ciki ta faro, akwai kuma waɗanda daga ƙwaƙwalwa ta sauko.

Da zarar an ce hanji, dole a yi maganar mazaunansa. A jikin babban mutum akwai ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji, nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Ba duka ne masu cutarwa ba. Akasarinsu aiki suke mana. Dusar hatsi da zaren ganye da ɓawon wake, waɗanda cikinmu ba ya iya narkarwa, su ke ruɓar da su su fitar da wasu ƙananan sinadaran mai. Ɗaya daga ciki, butiret, shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon babban hanji. Jimillar ƙarfin da mutum ke samu ta wannan hanya ana ƙiyasta shi tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na bukatarsa ta yini.

Cewa waɗannan halittu suna da hannu a ƙiba da rama, an tabbatar da shi a dabbobi tun kafin a danganta su da Parkinson. A ɗakin binciken Jeffrey Gordon da ke Jami'ar Washington a birnin St. Louis, an nuna a 2004 cewa ɓerayen da aka raina ba ko ƙwaya ɗaya a cikinsu sun fi ci amma ba su kai sauran kitse ba. Da aka zuba musu ƙwayoyin hanji, kitsensu ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari a mako biyu, alhali cinsu raguwa ya yi. A 2013 ɗakin binciken ya ɗauki ƙwayoyin hanjin tagwaye daga Malawi, ɗaya mai tamowa ɗaya lafiyayye, aka sa wa ɓeraye, aka ciyar da su irin abincin yankin. Waɗanda suka karɓi na mai tamowa suka zube. Abinci ɗaya, sakamako biyu.

Me aka gani a hanjin masu Parkinson

Binciken da ya buɗe ƙofa shi ne na Filip Scheperjans da abokan aikinsa a Helsinki ta ƙasar Finlan, a 2015. Sun gwada bahayar masu cutar 72 da ta lafiyayyu 72, suka ga dangin ƙwayoyin da ake kira Prevotella sun ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a masu cutar. Daga nan aka yi ta maimaita irin wannan aiki a Amurka da Jamus da Italiya da Japan da Sin. Ɗaya daga cikin mafi girma a cikinsu, wanda aka yi a Jami'ar Alabama a 2022 da masu cutar 490 da lafiyayyu 234, ya gano cewa fiye da kashi 30 cikin ɗari na ire-iren ƙwayoyin da aka duba sun sauya yawa.

Sakamakon bai zo iri ɗaya a ko'ina ba, amma akwai abin da yake ta dawowa. Masu samar da butiret, irin su Faecalibacterium da Roseburia, suna raguwa. Akkermansia, da Bifidobacterium, da Lactobacillus suna ƙaruwa. A 2016 wani bincike a Jamus ya auna sinadaran man nan a bahayar masu cutar ya same su ƙasa da na lafiyayyu.

Daga nan ne tunanin farko kan rama ya taso, kuma yana da sauƙin fahimta: in masu tatso ƙarfi daga dusa sun yi ƙaranci, wani kaso na abincin zai wuce a banza. Sai dai lissafin bai kai ba. Ko da rabin wannan kashi 5 zuwa 10 ne ya salwanta, bai isa shi kaɗai ya zubar da mutum kilo takwas ko goma ba. Yana iya zama ƙarin nauyi a kan kayan da dama sun yi yawa, musamman in an shekara ana asarar.

Tunani na biyu ya fi zurfi. Bangon hanji yana lulluɓe da wani yauƙi da ke raba ƙwayoyin da naman jiki. Akkermansia, wadda aka gano a Holan a 2004, wannan yauƙin take ci. A lafiyayyen mutum ba laifi ba ne, har ma an san ta da yawa a cikin marasa ƙiba, kuma gwaji a Beljiyam ya nuna tana rage kitsen ɓeraye. Amma in butiret ya yi ƙaranci, masu cin yauƙi suka yi yawa, abinci kuma ba shi da dusa, bangon yana iya yin rauni har guntattakin ƙwayoyin su riƙa tsallakawa cikin jini. Likitoci a Shikago sun nuna a 2011 cewa hanjin sabbin masu Parkinson ya fi na lafiyayyu yoyo. Garkuwar jiki in ta ga baƙo a jini sai ta tashi, kuma irin wannan ƙaramin kumburi mai daɗewa an san shi da kashe sha'awar abinci da cinye tsoka. Shi ke ramar da masu tarin fuka da masu ciwon daji. A nan jiki ya zama buhu mai huji: kana zuba hatsi ta sama, yana tsiyaya ta ƙasa.

Akwai kuma batun ƙwayoyin da suka bar mazauninsu. Ƙaramin hanji, inda ake tsotse abinci, bai kamata ya cika da bakteriya ba. Motsin hanji ne ke share su zuwa ƙasa. In motsin ya yi sanyi sai su taru. An samu wannan matsala a tsakanin rubu'i zuwa rabin masu Parkinson, gwargwadon binciken da aka duba. Tana kawo kumburin ciki da iska, tana iya hana tsotse mai da bitamin B12. Kowa ya zaci a nan za a kama ɓarawon. Amma da likitocin asibitin Mayo a Arizona suka gwada kai tsaye a 2018, ba su ga alaƙa tsakanin wannan taruwa da ramar masu cutar ba. Ya kamata a faɗi wannan da babbar murya kamar yadda ake faɗin sakamakon da ya yi daɗi.

Masu shan maganin kafin mai shi

Hanyar da hujjarta ta fi ƙarfi a ganina ba ta abinci ba ce kai tsaye, ta magani ce. Babban maganin Parkinson tun ƙarshen shekarun 1960 shi ne lebodofa. Ana haɗiye shi, ya wuce tumbi, a tsotse shi a farkon ƙaramin hanji, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, can ne ake juya shi ya zama dofamin. In aka juya shi tun a hanya, ya tashi a banza, domin dofamin ba ya iya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake haɗa shi da kabidofa a ƙwaya ɗaya, kamar a Sinemet, don hana jiki juya shi da wuri.

Tun shekarun 1970 an san ƙwayoyin hanji ma suna taɓa maganin, amma sai a 2019 aka san su wane ne. Ayari biyu, ɗaya a Jami'ar Groningen ta Holan, ɗaya a Habad ƙarƙashin Emily Balskus, suka nuna cewa wata ƙwaya mai suna Enterococcus faecalis tana juya lebodofa ya zama dofamin tun a cikin hanji. Abin takaicin, kabidofa da ke hana jikin mutum yin haka ba ya hana ta. Ayarin Habad ya gano wata kuma, Eggerthella lenta, da ke karɓar dofamin ɗin ta mayar da shi wani abu daban. Na Groningen sun ga cewa masu cutar da ƙwayoyin da ke juya lebodofa ya zama dofamin suka yi wa yawa su ne suka fi bukatar magani mai yawa a yini.

Yanzu a bi abin daki-daki a ga yadda ya isa ga sikeli. Tumbi ya riƙe ƙwayar magani ya ƙi sakin ta da wuri. Da ta sauka, ƙwayoyin hanji suka ci rabonsu. Abin da ya kai ƙwaƙwalwa bai isa ba, sai jiki ya sandare daidai lokacin cin abinci: hannu ba ya kai loma, muƙamuƙi ya yi nauyi, haɗiya ta gagara. Dofamin ɗin da aka samar a ciki kuma yana tayar da zuciya, yana ƙara sanyaya motsin hanji, wanda ke ba ƙwayoyin damar ƙara taruwa. Likita ya ga magani ba ya riƙewa sai ya ƙara. Ranar da ciki ya saki da wuri, maganin ya hau da yawa lokaci guda, murɗe-murɗe su tashi su ƙone ɗan abin da aka ci. In nauyi ya sauka kuma, adadin maganin da ke kan kowane kilo na jiki ya ƙaru ke nan ko ba a ƙara ƙwaya ba, murɗe-murɗen su daɗa tsananta. Kowane mataki yana haifar da na gaba.

Ƙwayar gyambon ciki, Helicobacter pylori, ita ma tana cikin wannan lissafi, kuma ta shafe mu sosai domin Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka fi samun ta a duniya. Tana iya rage tsotsar lebodofa, tana kuma rage girelin, sinadarin da tumbi ke fitarwa ya sa mutum jin yunwa. Wani bincike a Italiya a 2006 ya nuna kashe ta ya inganta shigar maganin cikin jini. Gwajin da aka yi a Malesiya a 2020 kuwa bai ga sauƙin alamun cutar ba bayan an kashe ta.

Inda ya kamata a ja birki

Binciken da ya kwatanta masu Parkinson da suka rame da waɗanda ba su rame ba ta fuskar ƙwayoyin hanji kaɗan ne ƙwarai. Wanda aka fi ambata an yi shi a Roma, aka wallafa a 2020, kuma masu shi da kansu sun kira shi gwajin share fage, domin mutanen ba su da yawa. Ya ga bambanci tsakanin rukunin biyu. Amma ganin bambanci ba ya nuna wa ya haifi wani. Taurin bayan gida shi kaɗai yana sauya ƙwayoyin hanji. An san Akkermansia tana yawaita a duk cikin da abinci ke daɗewa. Magunguna ma suna sauya su, musamman entakafon da ake ƙara wa lebodofa. Wanda haɗiya ta dame shi ya koma kunu da shayi, dole mazaunan hanjinsa su canza. Ke nan rama tana iya zama ita ta sauya ƙwayoyin, ko duka biyun su zama 'ya'yan cutar.

Ko gwajin ɓerayen da ya fi shahara yana da ƙaya. A 2016 ɗakin binciken Sarkis Mazmanian a Kalifoniya ya nuna cewa ƙwayoyin hanjin masu Parkinson sun ƙara lalata motsin ɓerayen da aka tsara su kamu da irin cutar. Amma a wannan gwajin dai, sinadaran man nan da ake yabo su ne suka tayar da kumburi a ƙwaƙwalwar ɓerayen. Abu ɗaya yana iya gyara hanji ya ɓata wani wuri, gwargwadon yawansa da halin jikin.

An gwada dashen ƙwayoyi daga bahayar lafiyayyu zuwa hanjin masu cutar. A 2024 aka fitar da sakamako biyu. Na birnin Ghent a Beljiyam, da mutum 46, ya ga ɗan sauƙi a motsi bayan shekara guda. Na Finlan, wanda Scheperjans ɗin nan ya jagoranta, bai ga wani amfani ba. Babu wanda aka gina don auna nauyi a cikinsu. Magungunan ƙwayoyi masu amfani da ake sayarwa a kwalba kuwa, abin da aka tabbatar a gwaje-gwajen Milan a 2016 da Malesiya a 2021 shi ne suna sassauta taurin bayan gida. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, amma duk mai tallan da ya ce kwalbarsa tana warkar da Parkinson ko tana dawo da ƙiba ya wuce inda ilimi ya tsaya, kuma iyalin da ke fafutukar kuɗin lebodofa kowane wata bai kamata a raba su da kuɗinsu a kan haka ba.

Akwai kuma giɓin da ya shafe mu kai tsaye. Kusan duk waɗannan bincike an yi su ne a cikin masu cin abincin Turai da Amurka da gabashin Asiya. A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence. Hanjin yaran ƙauyen cike yake da Prevotella, wadda kusan babu ita a na Turawan. Wato ƙwayar da aka ce ta ragu a Helsinki ita ce ta fi yawa a cikin mai cin tuwon dawa da miyar kuka. Ba za a ɗauki ma'aunin can a ɗora mana kai tsaye ba. An riga an ga misalin haka a fannin gado: aikin da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka yi ya kai ga gano, a 2023, wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara hatsarin cutar a 'yan asalin Afirka, wanda shekarun bincike a kan Turawa ba su taɓa hango shi ba. Hanjinmu ma yana jiran irin wannan aiki, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna da majinyatan da za a yi shi da su.

Abin da iyali za su iya yi tun yanzu

Kafin a ce Parkinson ce ta kawo rama, sai likita ya kawar da sauran dalilai, domin mai wannan cuta ma yana iya kamuwa da tarin fuka, ko ciwon suga, ko ciwon daji, ko matsalar maƙoƙo, ko tsutsar ciki. Wannan shi ne farko.

Sai kuskuren da ya fi yawa. Gaskiya ne nama da wake da ƙwai da nono suna gogayya da lebodofa wajen shiga jini da ƙwaƙwalwa. Wasu iyalai da sun ji haka sai su janye su gaba ɗaya, su bar majinyaci da koko da farar shinkafa, tsokarsa ta narke. Abin da ake so shi ne a raba lokaci: a sha magani kamar rabin awa kafin abinci, ko awa guda bayansa. Ƙosai da alale da kifi da kindirmo da ƙuli-ƙuli su ci gaba da zuwa. Tunda cikin ba ya ɗaukar da yawa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a sa abin da ke da ƙarfi a ƙaramin kwano: kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono, ɗan man shanu ko man gyaɗa a kan abinci, dabino. A daidaita babban cin da lokacin da magani ke aiki, jiki ya saki. A zaunar da shi tsaye, kada a ba shi yana kishingiɗe, kuma in ruwa tsinkakke yana ƙware shi a gaya wa likita, domin abin da ya bi ta huhu shi ke kawo ciwon da ke kashe da yawa daga cikinsu.

Taurin bayan gida a ɗauke shi a matsayin ciwo, a yi masa magani. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba, zogale, kuka, kuɓewa, gwanda, da wadataccen ruwa, da ɗan tattaki, su ne abincin ƙwayoyin da ke samar da butiret, kuma su ke motsa hanji. Amma wanda tumbinsa ke jinkiri sosai, ganye mai yawa zai cika shi ya hana shi cin abin da zai riƙe shi, don haka a ƙara a hankali ana lura. Kada kuma a shiga kemis a sayo Flagyl ko wani maganin kashe ƙwayoyi da sunan wanke ciki. Yana share masu amfanin tare da sauran. Maganin amai na metokulofiramid, wanda ake sayarwa da sunan Maxolon ko Plasil, yana toshe aikin dofamin a ƙwaƙwalwa, yana iya sandarar da mai Parkinson; a faɗa wa duk wanda zai rubuta magani cewa ga cutar da yake da ita. Haka nan ba a yanke lebodofa farat ɗaya, ko don azumi ko don kuɗi sun yanke, sai an yi shawara da likita.

A samu sikeli, ko na asibitin unguwa ne, a auna shi sau ɗaya a wata da safe, da kaya marasa nauyi, a rubuta a bayan katin asibiti. Likitoci suna ɗaukar asarar kashi 5 cikin ɗari na nauyi a cikin wata 6 zuwa 12 a matsayin abin da ke bukatar bincike. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan, wanda ido ba ya gani a ƙarƙashin babbar riga ko zani. In an je ganin likita a kai masa lambobin, tare da bayanin sau nawa ake zagawa a mako da ko magani yana jinkirin kamawa bayan an sha, a kuma tambaye shi kai tsaye ko adadin ƙwayoyin da aka rubuta lokacin da majinyacin yake kilo 70 ya dace da shi yanzu da ya koma 58.